Kati a Aljihu, Magani a Kemis

Kwanakin baya ina zaune a kemis ɗin unguwarmu bayan magariba, sai ga wata dattijuwa ta shigo da takardar magani a hannu, wata yarinya na biye da ita da goyon jariri. Mai kemis ya duba takardar ya faɗi kuɗi. Ta kwance bakin zani ta ƙirga abin da ke ciki, ko rabi bai kai ba. A cikin ƙullin na hango katin inshorar lafiya, sabo fil, har da hotonta.

Na ce, "Iya, ba katin asibiti ba ne wannan? Ai cewa aka yi da shi kyauta ake ba ku magani."

Ta ce, "Ɗan nan, likita kam na gani kyauta, Allah ya saka musu. Da na je tagar magani aka ce babu, in je waje in sayo."

Mai kemis ya ba ta rabin maganin, ya ce idan ta samu ciko ta dawo. Ni da shi duk mun san da wuya ta dawo.

A makon ne kuma na ji wani jami'i a rediyo yana lissafa dubban marasa galihu da aka yi wa rajista, murya cike da alfahari, mai gabatar da shirin yana ta yi masa jinjina. Babu wanda ya tambaye shi ko mutum nawa cikinsu suka je asibiti suka fito da magani a hannu ba tare da sun taɓa aljihu ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: gwamnati ce ya kamata ta biya wa talaka kuɗin inshorar lafiya daga haraji, ba shi za a ce ya kawo ba. Kuma a daina auna nasarar shirin da yawan katin da aka raba. A auna shi da maganin da ke kan kanta, da ma'aikacin da ke bakin aiki da dare, da kuɗin da ya isa asibiti a kan lokaci. Katin da ba ya kai mutum ga waɗannan, hoto ne kawai a jikin roba.

Doka ba ita muka rasa ba

A 1999 aka kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Obasanjo, kuma kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ya amfana. A 2014 Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, naira biliyan 55.1. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowa, aka kuma ƙirƙiro asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki nauyin mutum miliyan 83.

Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, haka Jigawa da Katsina da Sakkwato da sauransu.

Duk da haka, waɗanda ke da inshorar lafiya a Najeriya ba su wuce wajen miliyan 20 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita. Shi ya sa har gobe ake sayar da akuya da buhun gero idan ciwo ya shigo gida, shi ya sa ake tashi bayan sallah a masallaci da takardar asibiti ana neman taimako.

Abin da ya busar da tagar magani

Mutane da yawa na ɗora laifin a kan ma'aikatan asibiti, a ce sun karkatar da maganin zuwa shagunansu. Akwai masu yin haka, ba zan wanke kowa ba. Amma ko waliyyai aka zuba a asibitin nan, lissafin ba zai fita ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Duk wanda aka yi wa rajista, ana haɗa shi da asibiti ɗaya. Asibitin yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum duk wata, ya zo ko bai zo ba. Daga wannan kuɗi ake so a duba shi, a yi masa ƙananan gwaje-gwaje, a ba shi magani. A shirin tarayya, sama da shekara goma kuɗin nan yana tsaye a naira 750. A tsawon wannan lokaci dala ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,500, aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara komatsansa daga Najeriya a shekarar, farashin wasu magunguna ya ninka ya sake ninkawa. Mafi yawan maganin da muke sha daga waje ake shigo da shi, ko a shigo da sinadaran haɗa shi, duk da dala. Sai a 2024 aka fara ɗaga kuɗin, a 2025 ya kai naira 1,450. An yi ƙoƙari, amma a je kemis a tambayi kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro mai kyau na mutum ɗaya.

Ƙarancin kuɗin ma da sauƙi a kan jinkirinsa. Ina da aboki ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a karkara. Ya ce min, "Malam, idan kuɗi ya shigo mukan cika kanta, kowa ya zo ya samu. Idan aka yi wata da watanni shiru, mai kawo mana magani bashi ya gaji ya daina ɗaga waya. To me zan ba mara lafiya? Sai in rubuta masa ya je ya saya, ya fita yana zagina."

Shi ke shan zagin, alhali takardar sakin kuɗin tana kwance a kan wani teburi a babban birnin jiha.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana wannan. Tun 2006, zamanin Tandja, aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa kyauta. Mata suka yi ta tururuwa zuwa asibiti, abin ya yi kyau da farko. Sai gwamnati ta kasa biyan asibitoci a kan kari, bashin biliyoyin sefa ya taru, kantoci suka bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo. Gana ma, duk da shirinta ya fi namu nisa, asibitoci sun sha yin barazanar daina karɓar kati saboda bashin da suke bin hukuma.

Don haka gyara na farko ba shi da wani armashi, ba a yanka masa kintinkiri, ba a gayyato makaɗa. A biya asibiti isasshen kuɗi, a rana sananniya duk wata, kai tsaye cikin asusunsa, kuma a riƙa sake duba farashin duk shekara. Sannan ranar da asibiti ya ce babu, katin ya yi aiki a wani kantin magani da hukuma ta tantance a garin, hukuma ta biya mai kantin ta cire daga kason asibitin. Da zarar "babu" ta fara ci wa asibiti kuɗi, za a ga ta ragu.

"Ai abin da mutum bai biya ba ba ya daraja shi"

Wannan ita ce suka ta farko da nake ji, yawanci daga bakin masu albashi. Suna cewa ko naira dubu ɗaya ce a wata talaka ya sa, don ya san abin nasa ne.

Magana ce mai daɗin ji, amma a duba wa ake nufi. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Magidanci mai mata da 'ya'ya takwas, wanda sai ya fita ya yi dako ko ya tura kurar ruwa kafin a ɗora tukunya, shi za a ce ya ware dubu goma duk wata saboda ciwon da bai zo ba? Zai zaɓi masara, kuma da gaskiyarsa.

Ma'aikacin gwamnati ba don ya fi kowa hangen nesa yake cikin shirin ba. Daga tushe ake yanka, kafin albashi ya iso hannunsa. Manomi da mai shayi da 'yar talla ba su da tushen da za a yanka. Idan aka bar shi ganin dama, waɗanda za su biya su ne waɗanda suka riga suka san suna da ciwo: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai cikin da ya tsufa. Masu lafiya su zauna a gida. Asusun da marasa lafiya kaɗai ke zubi a cikinsa kuwa ba ya daɗewa.

Ƙasashen da suka yi nisa ba da bin talaka gida-gida suka yi ba. Gana ta kafa shirinta a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan da ake saya musamman saboda shi, ta yafe wa yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga shekara 70 da matalauta kuɗin zubi, daga 2008 ta haɗa da masu ciki. Tailan, a farkon shekarun 2000, daga baitulmali ta ɗauki nauyin duk wanda ba ya cikin wani shiri. Ko Ruwanda da ake yawan kafa hujja da ita a kan zubin jama'a, gwamnati ke biya wa rukunin da ya fi talauci.

Kuma wa ya ce talaka ba ya biya? Yana biyan harajin kayan masarufi na kashi 7.5 duk lokacin da ya sa kati a waya. Yana biyan kuɗin rasit a kasuwa da tasha. Tun da aka cire tallafin mai yake biya a kowane hawa na adaidaita sahu. Ya riga ya yi zubinsa, kwasarsa ce ba ta zo ba.

"Gwamnati ba ta da kuɗin"

Wannan sukar ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba. A yi lissafi. Ko da a ce naira 12,000 kacal za a biya wa kowane mutum a shekara, mutum miliyan 83 na buƙatar kusan naira tiriliyan ɗaya. Kason da doka ta ware wa inshora daga asusun BHCPF rabi ne. Rabin biliyan 55 ɗin nan na 2018, a wannan farashi, bai wuce ya ɗauki mutum miliyan biyu da 'yan kai ba. Tazarar da ke tsakanin alƙawari da kuɗin da aka ajiye ke nan. An yi shelar mutum miliyan 83 da tanadin da bai isa mutanen ƙwaryar birnin Kano ba.

To amma rashin kuɗi daban, zaɓin inda za a kai shi daban. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Mai masaukin baƙin har yau tana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. Bayan cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, gwamnonin da kansu suna faɗa. Gadojin sama nawa aka gina tun daga lokacin a biranen da ko cunkoson kirki babu? Akwai harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da aka kawo a dokar kuɗi ta 2021 da sunan kare lafiya, amma ba a keɓe shi ga lafiya ba, ya faɗa babbar tukunya.

Wasu jihohinmu, irin su Kano da Kaduna da Bauchi, sun sha rubuta kashi 15 ko fiye a takardar kasafi, kuma sun cancanci yabo. Sai dai a riƙa bibiyar abin da aka saki a ƙarshen shekara, don a nan gizo ke saƙa.

Ban ce a ɗauki miliyan 83 a dare ɗaya ba. Gara a ce miliyan goma za mu iya bana, a yi musu da gaske, baɗi a ƙara, da a raba kati miliyan talatin da babu ƙwayar magani a bayansu. Kati mara amfani ɓarna biyu yake yi: bai warkar da mai shi ba, kuma ya koya wa unguwa guda cewa shirin yaudara ne. Gobe ko an gyara, sai an sha wuya kafin su dawo.

Wa zai tantance talaka?

A nan ne abin ya fi ba ni takaici. Idan aka ba mazaɓa gurbin mutum ɗari biyu ko uku, a garin da kusan kowa mabuƙaci ne, wa ke zaɓa? Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san amsar. Jerin sunaye yakan bi ta hannun kansila da shugaban jam'iyya da na kusa da su. Mai babur biyu da shago ya samu, bazawarar da ke riƙe da marayu a bayan gari ba ta ma ji labari ba.

Sai batun lambar NIN. Na fahimci dalili, ana gudun sunayen bogi. Amma wanda ya fi kowa buƙatar katin shi ne ya fi kowa rashin lambar: tsohuwar da ba ta taɓa zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ba, makiyayi a ruga, wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Zamfara ko Katsina ya fito da rigar jikinsa. Idan dole sai da lambar, to a zo da na'urar yin ta wurin rajistar, a yi duka biyun a zama ɗaya. Kada a ce mace mai tsohon ciki ta biya kuɗin mota ta je ta bi layi a wani gari ta dawo.

Mafita mai sauƙi ita ce a rage tantancewa da aljihu, a koma tantancewa da abin da ido ke gani. Ciki ba ya ɓuya. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya ɓuya. Haka tsoho, da mai buƙata ta musamman, da mai sikila, da ɗan gudun hijira. Duk wanda ya shigo asibitin gwamnati cikin waɗannan, a yi masa rajista nan take a duba shi, ba sai da takardar wani mai faɗa a ji ba. A jiha irin Sakkwato kuwa, inda ƙididdigar nan ta 2022 ta ce mutum tara cikin goma matalauta ne, kuɗin da za a kashe wajen zaƙulo na goman ya fi abin da za a yi asara idan aka haɗa da shi. A ɗauki mazaɓa sukutum.

Za a ce mai hali zai ci rabon talaka. Mai hali da ka sani zai je ya zauna a benci a ƙaramin asibitin mazaɓa tun safe? In ma ya je, alheri ne, don ranar da ya tarar babu magani muryarsa za ta kai inda ta talaka ba ta kaiwa.

Tsakanin gida da asibiti

A ce an gyara duk wannan. Ƙarfe biyun dare naƙuda ta zo da gardama a ƙauyen da ke da nisan kilomita ashirin daga titi, damina ta cinye hanya. Katin ba ya biyan kuɗin mota. Idan an samu motar an isa, ƙaramin asibitin a kulle yake tun la'asar, don ma'aikaci ɗaya ne kuma ba a garin yake kwana ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. An saba ɗora wannan a kan al'ada da kunya da mazan da ke hana matansu fita. Akwai wannan. Amma macen da ta taɓa zuwa ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ba sai miji ya hana ta komawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda ba sa jiran gari ya waye.

A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mataki ne mai kyau. Sai dai tiyata a babban asibiti ake yi, kuma sai wadda ta isa da rai ake yi wa. Ba sabon abu ake buƙatar ƙirƙirowa ba. Jigawa ta daɗe da shirin Haihuwa Lafiya, an kuma gwada tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti a wasu jihohin Arewa. Abin da ya rage shi ne kuɗin man direban nan ya shiga cikin abin da katin ke biya, kada ya dogara da wata ƙungiyar agaji da za ta naɗe tabarmarta bayan shekara uku.

Ma'aikata kuwa, ministan da kansa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Ƙauye dama ba likita yake gani ba, ungozoma da ma'aikacin lafiya na al'umma su ne gatansa. A ɗauki 'yan asalin garin, a gina musu ɗakin kwana a jikin asibiti, a sa wutar sola da ruwa, a ba da alawus na zaman karkara da ya kai a kira shi alawus. Asibiti ɗaya a kowace mazaɓa da ke buɗe dare da rana ya fi gine-gine biyar masu sabon fenti da awaki ke kwana a barandarsu.

Layi biyu

Akwai abin da ba ya shiga rahoto, amma duk mai kati ya san shi. A wasu asibitocin, mai kuɗi a hannu layinsa daban, mai kati layinsa daban, kuma kowa ya san wanda ke tafiya. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti aka tura mutum gaba, sai a ce a jira lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, waɗanda ake kira HMO, ko daga hukumar jiha. Ana iya wuni ana jira, mara lafiya na kwance a tabarma a tsakar asibiti. A 2025 hukumar NHIA ta ba da umarnin a riƙa bayar da lambar cikin sa'a ɗaya. Madalla. Mutum nawa cikin masu kati suka san da umarnin, kuma wa za su kira idan aka saɓa?

Ba halin Najeriya kaɗai ba ne. A Amurka, shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi yana nan tun 1965, amma har yau akwai likitoci da dama da ba sa karɓar masu shi saboda kuɗin da yake biya bai kai na sauran ba. Ko'ina aka biya wa talaka kuɗi kaɗan kuma a makare, a ƙarshen layi zai tsaya. Wa'azin kyautata wa marasa lafiya yana da amfani, amma biya a kan lokaci ya fi saurin gyara fuskar ma'aikaci.

Ya kamata kuma a rubuta, da Hausa da ajami, a manna a bangon kowane asibiti: ga abin da katinka ya ɗauke maka, ga abin da bai ɗauke ba, ga lambar da za ka kira. Dokar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Wannan ma a manna, da manyan baƙaƙe.

Batun halacci

Har yanzu akwai masu ɗari-ɗari, suna ganin inshora caca ce ko rashin tawakkali. Shirin da gwamnati ke biya wa mabuƙaci daga dukiyar al'umma ba ciniki ba ne balle a yi maganar garari, wato cinikin abin da ba shi da tabbas, haƙƙi ne na talakawa a kan shugaba. Na zubi kuma, malamai sun daɗe suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. Hukumomin zakka da waƙafi, irin na Sakkwato da ke taimaka wa marasa lafiya, da attajiran da ke biyan kuɗin asibiti a watan azumi, za su fi isa ga mutane da yawa idan suka saya wa marayu da zawarawa rajistar shekara guda. Amma sai sun ga katin na aiki. Babu mai zuba zakkarsa a rariya.

"Ko an ƙara kuɗin sacewa za a yi"

Ba zan ce ƙarya ba ne. Duk wanda ya bi rikicin da aka yi a hukumar NHIS daga 2017 zuwa 2019, tsakanin shugabanta na lokacin da ministan lafiya da kamfanonin HMO, ana dakatarwa ana mayarwa ana jifan juna da zargi, ya san kuɗin nan yana da masu zawarci. Akwai kuma sunayen da ke kan takarda waɗanda masu su ba su san an rubuta su ba, asibiti na karɓar kuɗi a kansu duk wata. Wannan ma wani dalili ne na ƙin yarda da adadin rajista a matsayin shaidar nasara: tsarin da ke biya a kan kowane suna yana ba da riba ga wanda ya tara sunaye ya hana su zuwa.

Amma ba a rufe makaranta don an saci kuɗin alli. Sata a duhu take ƙiba. Kowace mazaɓa na da kwamitin ci gaba da ake cewa yana sa ido a kan asibitinta. A sa mai unguwa da liman da shugabar mata a ciki da gaske, a riƙa manna musu a bango duk wata: ga abin da ya shigo, ga ranar da ya shigo, ga maganin da aka saya, ga sunayen waɗanda ke cikin shirin. Mutumin da ya ga sunan mamaci ko na ɗan kansila da ke zaune a Abuja ba zai yi shiru ba.

Su kuma hukumomin, daga ta tarayya har na jihohi, akwai alƙaluman da suke da su a kwamfuta ba sa faɗa. Cikin waɗanda aka yi wa rajista, nawa suka je asibiti bana? Cikin waɗanda suka je, nawa suka samu dukkan maganin da aka rubuta musu? Wata nawa asibitoci ke bin bashi? Mata nawa aka yi wa tiyata kyauta, a wace ƙaramar hukuma? Duk ƙarshen shekara shugabannin hukumomin nan suna zuwa gaban kwamitin lafiya na majalisar dokokin jiha don kare kasafinsu, kuma 'yan majalisa na da ikon ƙin amincewa da ko sisi har sai an kawo amsa. 'Yan jaridar da ke gayyatar su rediyo ma suna iya tanadar waɗannan tambayoyi huɗu kafin a kunna makirufo, su kuma buɗe layin waya ga masu kati a cikin shirin.